Yadda Aka Koyi Zayyana Alƙaluma: Daga Ɗakin Zanen James Watt Zuwa Allon Sa-ido

Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Wannan takarda za ta bi diddigin wata sana'a wadda kacokan a kan wannan magana aka gina ta, watau sana'ar mayar da alƙaluman ƙididdiga su zama zane, ta yadda ido zai ɗauke a ƙiftawa ɗaya abin da sai an yi wuni ana bin jadawali layi-layi kafin a gane shi. A yau duk wanda ya buɗe jarida ko rahoton ma'aikata zai tarar da layi yana hawa yana sauka, ko sanduna a jere wata ta fi wata tsawo, ko da'ira an yayyanka ta, har ya zama ana ɗauka cewa tun fil azal haka abin yake. Alhali kuwa waɗannan zane-zane, a kamannin da muka san su, ba su kai shekara 250 da haihuwa ba.

Maƙasudin takardar shi ne a duba yadda mutanen da suka ƙago wannan sana'a suka koye ta, da kuma abin da suka koya ɗin takamaimai. Dalilin wannan tambaya kuwa shi ne, yanzu ɗalibai masu yawa suna neman wannan ƙwarewa, kuma galibi abin da ake nuna musu shi ne sarrafa manhajar kwamfuta, wadda mutum zai iya laƙanta cikin 'yan makonni. Ra'ayina shi ne tarihi ya nuna cewa jan layi shi ne rabo mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Babban rabon yana wajen sanin inda alƙaluman suka fito, da yanke shawarar abin da za a nuna da abin da za a bari.

Game da kalmomi, zan riƙa cewa jadawali idan ina nufin alƙaluma a jere cikin gidaje, zanen ƙididdiga kuwa idan an mayar da su tsawo ko faɗi ko launi. Allon nan da ake tara zane-zane da yawa a fuska ɗaya domin lura da tafiyar wani aiki, wanda ya samo sunansa na Turanci daga abin da direbobi ke kira dashbod, zan kira shi allon sa-ido.

William Playfair da sana'ar maƙera

Jadawali tsohon abu ne ƙwarai. Masana taurari na ƙasashen Musulmi sun yi ƙarnuka suna tsara manyan jadawalai da ake kira ziji, taswirar ƙasa ma haka take da daɗewa. Abin da ya yi jinkirin zuwa shi ne tunanin cewa abin da ba shi da siffa, kamar kuɗi ko lokaci ko yawan mace-mace, ana iya ba shi tsawo a kan takarda. A 1765 Joseph Priestley, wanda yake koyarwa a makarantar Warrington a Ingila, ya buga wani allo mai sunayen mashahuran mutane kimanin 2,000, kowane an ja masa sanda daga shekarar haihuwarsa zuwa ta mutuwarsa, domin ɗalibansa su ga wa ya yi zamani da wa. Sai da ya yi dogon bayani yana kare wannan dabara, abin da ke nuna cewa a lokacin baƙuwa ce.

Amma wanda ya kamata a tsaya a kansa shi ne William Playfair, mutumin Sukotlan, wanda aka haifa a 1759 kusa da garin Dundee. Mahaifinsa ya rasu a 1772, sai renonsa ya koma hannun wansa John Playfair, masanin lissafi wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Edinburgh. Wan nan nasa ya ɗora masa aikin auna zafin yanayi kowace rana yana sa alama a takarda, har alamomin su haɗu su zama layi, kuma shi William da kansa ya faɗa cewa a nan ya fara gane duk abin da ake iya faɗa da lamba ana iya nuna shi da layi. Daga nan ya yi koyon sana'a wurin Andrew Meikle, wanda ya ƙera injin sussukar hatsi, sa'an nan a 1777 ya tafi Birmingham ya zama mai zanen injuna a ƙarƙashin James Watt, mai injin tururi. A ɗakin zanen masana'anta kowane inci na takarda yana wakiltar wani awo na ƙarfe, idan kuwa mai zane ya yi kuskure maƙeri zai ƙera abin da ba zai shiga mazauninsa ba. Wannan horo na ma'auni shi Playfair ya ɗauka ya kai fagen tattalin arziki.

A 1786 ya buga littafinsa mai suna The Commercial and Political Atlas. Ko da yake ya kira shi littafin taswira, babu taswirar ƙasa ko ɗaya a ciki. Zane 44 ne, 43 daga cikinsu layuka ne masu bin shekaru, suna nuna cinikin Ingila da sauran ƙasashe da kuma hauhawar bashin gwamnati. Yakan ja layi ɗaya na kayan da aka shigo da su, ɗaya na waɗanda aka fitar, sa'an nan ya shafa launi a filin da ke tsakaninsu, ta yadda mai karatu zai ga shekarar da ciniki ya juya daga hasara zuwa riba ba tare da ya yi ɗebewa ko ɗaya ba. Zane na 44 kuwa tilas ce ta haife shi. Alƙaluman cinikin Sukotlan na shekara ɗaya kawai ya samu, daga Kirsimetin 1780 zuwa na 1781, saboda haka babu shekarun da layi zai bi. Sai ya jera sanduna, bibbiyu ga wurare 17 da ake cinikin da su. Shi kansa ya raina wannan zane, yana ganin bai kai sauran amfani ba tun da babu lokaci a cikinsa, ga shi kuwa zanen sanduna ya zama wanda aka fi amfani da shi a duniya. A 1801 ya ƙara da zanen da'ira mai yanka-yanka, inda ya nuna yadda ƙasar Daular Usmaniyya ta rabu tsakanin Asiya da Turai da Afirka.

Duk da haka mutanen Ingila ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba. Wani ɓangare na laifin nasa ne, gama mutum ne mai shiga harkokin kuɗi marasa kan gado, ya yi zaman kurkuku saboda bashi, ya kuma rasu cikin talauci a 1823. Wani ɓangaren kuwa na masana ne, waɗanda suke ganin lamba ita ce hujja, zane kuwa ado ne. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan da aka kafa a 1834 jadawali ne ya cika mujallarta a shekarunta na farko. A Faransa da Jamus aka fi ɗaukar dabarar da muhimmanci.

Shekarar 1854: rijiya ɗaya da asibiti ɗaya

Labarin likita John Snow da annobar kwalara ta unguwar Soho a Landan ya shahara, amma yadda aka saba ba da shi ba daidai ba ne, kuma kuskuren yana da nasaba da batunmu. Abin da ake faɗa wa ɗalibai shi ne wai Snow ya sa alamar mamata a taswira, ya ga sun taru kewaye da famfon rijiyar titin Broad, sai ya gane cewa ruwa ne ke yaɗa cutar. Haƙiƙa tun 1849 Snow ya buga ra'ayinsa cewa kwalara ta hanyar gurɓataccen ruwa take shiga mutum, a lokacin da yawancin likitoci suke ɗora laifin a kan mugun wari. Da annobar ta ɓarke a ranar 31 ga Agusta 1854, wadda a ƙarshe ta kashe mutum 616, da zarginsa a zuci ya tafi. Ya karɓi jerin mamata daga ofishin rajista ya bi gida-gida yana tambayar inda suke ɗiban ruwa. An cire hannun famfon a ranar 8 ga Satumba, lokacin da annobar ta riga ta fara lafawa, taswirar kuwa sai a watan Disamba ya nuna ta ga 'yan'uwansa likitoci, aka buga ta a 1855.

Ƙarfin hujjarsa ma yana cikin abubuwan da taswirar ba za ta iya bayyanawa ita kaɗai ba. Gidan gajiyayyu na titin Poland yana tsakiyar unguwar da mutum 535 a ciki, amma 5 kawai suka mutu, domin suna da rijiyarsu. Ma'aikatan wata masana'antar giya a kan titin Broad ɗin kansa ba wanda ya mutu a cikinsu, domin ba sa shan ruwan famfon. Wata gwauruwa kuma can nesa a Hampstead ta mutu, sai bincike ya nuna cewa kullum ana kai mata ruwan wannan famfo saboda tana son ɗanɗanonsa. Bugu da ƙari, kafin taswirar Snow wani injiniya mai suna Edmund Cooper ya riga ya zana tasa ta wannan annoba domin hukumar magudanan ƙazanta, da nufin wanke hukumar daga zargin cewa haƙe-haƙenta ne suka tayar da cutar. Mamatan ɗaya ne, unguwar ɗaya ce, amma kowa da abin da ya je nema. Kwamitin gwamnati da ya binciki annobar ma ya duba taswira, ya kuma ƙi yarda da Snow.

A wannan shekarar ce dai, cikin watan Nuwamba, Florence Nightingale ta isa asibitin sojan Ingila da ke Scutari, tsallaken Santambul, da ma'aikatan jinya 38, ana tsakiyar yaƙin Kirimiya. An fi saninta da fitila da jinya, amma tun tana yarinya take son lissafi. Bayan ta koma gida a 1856 ta haɗu da William Farr, babban mai ƙididdiga na ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, kuma a wurinsa ta koyi yadda ake kwatanta mace-macen jama'a biyu waɗanda yawansu da shekarunsu suka bambanta. Abin da alƙaluman suka nuna ya girgiza ta. A watan Janairu 1855 kaɗai, cikin runduna mai mutum 32,393, cututtuka masu yaɗuwa sun kashe 2,761, raunin yaƙi kuwa 83 ya kashe. Da abin ya ci gaba a haka har wata 12, da cuta ta cinye rundunar gaba ɗaya ba tare da abokin gaba ya harba bindiga ba.

Matsalarta ita ce waɗanda ke da ikon gyara, watau ministoci da 'yan majalisa da fadar Sarauniya Victoria, ba za su zauna karanta rahoto mai ɗaruruwan shafuka ba. Saboda haka a 1858 ta fitar da zanen nan nata mai kama da fure: da'ira an raba ta gida 12, kowane gida wata guda, shuɗi na cutar da za a iya kaucewa, ja na rauni, baƙi na sauran dalilai. Abubuwa biyu ne a nan suka cancanci mai koyo ya lura da su. Na farko, zanenta na fari yana da aibi, domin tsawon kowane yanki daga cibiya zuwa baki ne ya bi alƙaluman, ido kuwa faɗin fili yake gani, kuma idan aka ninka tsawon sau 2 filin yakan ninku sau 4. Da ta gane haka sai ta sake zanen, ta sa filin ya bi alƙaluman. Na biyu, da'ira biyu ta yi, ɗaya daga Afrilu 1854 zuwa Maris 1855, ɗaya daga Afrilu 1855 zuwa Maris 1856, kuma mahaɗarsu ta faɗo daidai lokacin da kwamitin tsafta ya zo daga Landan ya yashe magudanai ya gyara ruwan sha da shigar iska. Duk wanda ya ga babbar da'ira kusa da ƙarama zai ce tsafta ce ta yi aiki. Lalle ta yi, amma masana tarihi sun nuna cewa wucewar hunturu da samun abinci da tufafi da raguwar cunkoso su ma suna da nasu rabo, zanen kuwa bai ba su wuri ba. A ganina wannan bai zama ha'inci ba, gama alƙaluman gaskiya ne kuma ta buga su a fili, sai dai ya kamata a san cewa zanen lauya ne mai kare ƙara. A 1858 ɗin ne ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta, ita ce mace ta farko.

Minard, da waɗanda suka biyo baya

Charles Joseph Minard injiniyan gadoji da hanyoyi ne na gwamnatin Faransa, kuma yawancin taswirorinsa bayan ya yi ritaya a 1851 ya yi su. Daga aikin hanya ya koyi dabararsa, watau a sa kaurin layi ya bi yawan kaya ko fasinjan da ke bin hanyar. Da ita ya nuna yadda yaƙin basasar Amurka ya karkatar da cinikin auduga, Turai ta koma saye daga Indiya da Masar. A watan Nuwamba 1869, yana da shekara 88, ya fitar da zanen tafiyar rundunar Napoleon zuwa Rasha a 1812. Milimita ɗaya na kaurin layi yana wakiltar soja 10,000. Layin ya tashi daga kogin Niemen da mutum 422,000, ya isa Mosko da 100,000, sa'an nan ya juyo da baƙin launi yana sirancewa, a mashigin kogin Berezina ya faɗo daga 50,000 zuwa 28,000, ya dawo inda ya tashi da 10,000. A ƙasa kuma ga ma'aunin sanyi yana bin ranakun komowar. Abin da ba a cika ambata ba shi ne rubutun da ke saman zanen, inda Minard ya lissafa marubutan da ya ɗauko alƙaluman daga wurinsu, ya kuma faɗa a fili cewa ya haɗe wasu rassan rundunar da suka ware da babbar runduna domin ido ya sami sauƙi. Wannan ɗabi'a ta faɗin inda aka sauƙaƙa abu ta yi ƙaranci a zane-zanen yau.

Ƙarshen ƙarni na 19 gwamnatoci suka rungumi abin, Faransa da Amurka suna buga manyan littattafan zanen ƙididdiga masu launi. A cikin wannan yanayi ne W. E. B. Du Bois da ɗalibansa na Jami'ar Atlanta suka zana alluna kimanin 60 da hannu, suka kai baje kolin duniya na Faris a 1900, suna nuna yawan baƙaƙen fatar Amurka da gonakin da suka mallaka da yadda jahilci ya ragu a cikinsu shekara 35 kacal bayan ƙarshen bauta. Littafin koyarwa na sosai kuwa sai a 1914 aka samu a Amurka, na injiniya Willard Brinton, wanda ya rubuta shi domin manajojin masana'antu.

Marie Neurath da aikin mai juyawa

Idan ana maganar koyon wannan sana'a a matsayin aiki mai zaman kansa, to a birnin Viyana aka fara ba ta suna. A 1925 Otto Neurath ya buɗe wani gidan nune-nune na zamantakewa da tattalin arziki, domin ma'aikatan birnin, waɗanda yawancinsu karatunsu bai yi zurfi ba, su fahimci batun gidaje da lafiya da rashin aikin yi. Ƙa'idarsa ita ce, idan abu ya fi yawa a ƙara yawan alamominsa, kada a ƙara girman alamar. Idan hoton mutum ɗaya yana wakiltar ma'aikata 100,000, to 500,000 hoto 5 ke nan a jere, gama idan aka zana ƙaton mutum kusa da ƙarami mai kallo ba zai san ko tsayi zai auna ko faɗi ba. Wannan ita ce matsalar da Nightingale ta ci karo da ita. Mai zane Gerd Arntz ya sassaƙa alamomi kimanin 4,000 domin wannan tsari, wanda daga 1935 aka riƙa kiransa Isotype.

Tsakanin masanin da ya kawo alƙaluma da mai zanen da zai ƙawata su, Neurath ya sa wani mutum na uku wanda ya kira mai juyawa. Aikinsa shi ne ya zauna da masanin har ya fahimci batun, ya zaɓi abin da ya cancanci nunawa, ya cike lambobi su zama dunƙulallu, ya yi zanen gwaji da fensir, sa'an nan ya koma wurin masanin a tabbatar ba a karya gaskiya ba. Suna ɗaukarsa a matsayin wakilin jama'ar da za su kalli allon. Marie Reidemeister, wadda ta karanta lissafi da kimiyyar fiziya a Göttingen, ita ce ta riƙe wannan aiki kusan tun farko. Siyasa ta kore su daga Viyana zuwa Holan a 1934, daga can kuma suka tsere cikin ƙaramin jirgin ruwa zuwa Ingila a 1940, inda aka tsare su na wani lokaci a matsayin 'yan ƙasar abokan gaba. Bayan an sake su suka yi aure suka sake kafa cibiyarsu a Oxford. Otto ya rasu a 1945, Marie ta ci gaba da aikin har ta miƙa kayan cibiyar ga Jami'ar Reading a 1971.

A tsakiyar shekarun 1950 aikinta ya kawo ta Nijeriya, inda gwamnatin Jihar Yamma ta Obafemi Awolowo ta nemi ƙananan littattafai masu bayyana wa jama'a shirin ilmin firamare kyauta na 1955 da sha'anin lafiya da noma da zaɓe. Ta zo Ibadan da kanta, kuma alamomin da aka yi domin ma'aikatan Viyana sai da aka sake su, mutanen ciki suka sa tufafin ƙasar. Wannan ya isa ya nuna iyakar da'awar cewa hoto harshe ne da kowa ke ji.

Bayan 1960 an ƙara sa sana'ar a ma'aunin bincike. Jacques Bertin na Faransa ya tsara a 1967 hanyoyin da alama ke iya bambanta a kan takarda, irin su mazauni da girma da duhu da launi da siffa, da irin bayanin da kowace ta dace da shi. A 1973 Francis Anscombe ya ƙirƙiri rukunin alƙaluma 4, kowane mai ɗigo 11, waɗanda matsakaicinsu da sauran awonsu na lissafi duk ɗaya ne, amma da aka zana su sai ga siffofi 4 da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. A 1984 kuma William Cleveland da Robert McGill suka gwada mutane, suka tarar ido ya fi iya kwatanta mazaunin ɗigo a kan ma'auni ɗaya, ya fi yin kuskure wajen kusurwa da faɗin fili. Watau sandunan da Playfair ya raina sun fi da'irarsa aminci.

Allon sa-ido

Asalin dashbod wani katako ne a gaban keken doki mai tare taɓon da kofato ke watsowa. Da mota ta zo sai sunan ya zauna a kan allon da ke gaban direba, inda aka jera agogon gudu da na mai da na zafin inji. Bambancinsa da zanen Minard babba ne. Zanen Minard an gama shi, mai shi ya san abin da ke ciki kafin ya buga. Mai tsara allon sa-ido kuwa yana yin gida ne domin alƙaluman da ba su zo ba tukuna, kuma wanda zai duba shi yana cikin aiki, wataƙila cikin firgita.

A ƙasar Chile, tsakanin 1971 da 1973, gwamnatin Salvador Allende tare da Baturen Ingila Stafford Beer sun gwada haɗa masana'antun gwamnati da na'urorin teleks zuwa wani ɗaki mai kujeru 7 da alluna a bango. Abin sha'awa, zane-zanen da ke fitowa a allunan da hannu ake yin su a ɗauki hotonsu. Juyin mulkin 11 ga Satumba 1973 ya kashe shirin kafin a ga iyakarsa. Darasi mafi tsanani ya zo ne daga tashar lantarki ta nukiliya da ke Three Mile Island a Amurka, ranar 28 ga Maris 1979. Wani bawul ya buɗe domin rage matsin tururi, ya maƙale bai rufe ba, ruwan sanyaya tukunyar yana ta zurarewa. A allon ɗakin sarrafawa fitilar bawul ɗin ta mutu, ma'aikata suka ɗauka ya rufe. Ashe fitilar umarnin rufewa kawai take nunawa, watau an aika saƙon, ba ta san halin da bawul ɗin kansa yake ciki ba. Ga kuma ƙararrawar gargaɗi fiye da 100 sun tashi cikin 'yan mintoci, babu abin da ke bambanta mai muhimmanci da maras muhimmanci. Sai da aka yi fiye da awa 2 kafin a toshe hanyar ruwan, lokacin kuwa cikin tukunyar ya riga ya lalace.

Kwamfuta ta sauƙaƙa jan layin ƙwarai. Lotus 1-2-3 ta zo a 1983, Excel a 1985, kamfanin Tableau a 2003, har ya zama abin da Playfair zai yi makonni yana sassaƙawa a farantin tagulla yanzu akawu yana fitar da shi kafin shayinsa ya huce. Amma tambayar fitilar nan ta Three Mile Island tana nan a kan kowane allo: shin abin da ake nunawa shi ne abin, ko kuwa saƙon da aka aiko game da shi?

Misali mafi kusa shi ne allon cutar korona na Jami'ar Johns Hopkins, wanda Farfesa Lauren Gardner da ɗalibinta Ensheng Dong suka buɗe a ranar 22 ga Janairu 2020. Da farko da hannu Dong yake shigar da alƙaluman, kafin abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya a mayar da shi na tawaga da na'ura. Gwamnatoci da gidajen jaridu na duniya sun dogara da shi, kuma ya cancanci yabon da ya samu, musamman da yake sun bar alƙaluman a buɗe kowa ya ɗauka ya bincika. Duk da haka jajayen da'irorin nan a kan baƙar taswira waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu suke ƙirgawa, saboda haka ƙasar da ke gwaji da yawa takan fito da ƙatuwar da'ira, wadda ba ta da kayan gwaji kuwa ta fito kamar lafiya lau. Da'irar jimilla kuma ba ta raguwa ko da cutar ta lafa a wurin, kuma ba ta la'akari da yawan jama'ar ƙasa, sai mai dubawa ya san inda zai latsa ya ga wani awon. Jami'ar ta daina tattara alƙaluman a ranar 10 ga Maris 2023, kusan wata 2 kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar a ranar 5 ga Mayu. Dalilin da ta bayar shi ne jihohin Amurka da yawa sun daina fitar da alƙalumansu a kai a kai, mutane kuma sun koma yin gwaji a gida, wanda sakamakonsa ba ya shiga rajistar kowa.